Dutsen da ke Hannun Ambrose

Tafukan na farko a jerin maza ba su haɗe ba. A wuce Damaris ta lura da haka, tana ɗauke da kwandon burodi da cuku na masu aiki, har ta gota sannan ta dawo da baya ta sake dubawa.

Wata huɗu ke nan ana ginin kabarin mahaifinta a kusurwar cocin Ellerbeck, shi kuwa Lord Hamon yana nan da ransa, yana dogara sanda ya zo duba aiki kamar wanda ake gina wa sabon ɗaki. An riga an kwantar da mutum-mutuminsa na farin dutse a sama, cikin sulken da rabonsa da shi shekara talatin, ga na marigayiya matarsa Ursula a gefensa. A ƙasansu aka jera 'ya'yansu tara a durƙushe, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba, maza ta dama, mata ta hagu. Mai rai akan haɗa masa tafuka kamar yana addu'a. Wanda ya rasu kuwa sai a ɗora masa ɗan ƙoƙon kai a hannu, don duk wanda ya shigo cocin nan da shekara ɗari ya san wanda Allah ya bar wa gidan da wanda ya karɓe. Biyar ne ke riƙe da ƙoƙon kai, har da jaririyar da ba ta cika kwana goma ba. Damaris ta ga kanta a jerin mata, an yi mata wata fuska mai kumatu wadda ba tata ba.

Na farkon mazan shi ne yayanta Ambrose. Tafukansa a buɗe suke, da wani dunƙulen dutse a tsakaninsu wanda ƙarfe bai taɓa ba tukuna.

"Sannu da aiki, Osbert," in ji ta. "Mene ne wannan a hannun Yaya?"

Tsohon masassaƙin ya ɗago, fari fat da garin dutse tun daga gira har gemu. Daga Landan aka ɗauko shi, kuma rana ba ta faɗuwa bai tuna wa mutanen Ellerbeck haka ba.

"Dutse ne, ranki ya daɗe." Ya leƙa kwandon. "Cukun nan ɗan'uwan na jiya ne? Na jiyan na ajiye shi, in dutse ya ƙare min zan sassaƙa miki mala'ika da shi."

"Na ga dutse ne. Me zai zama?"

Osbert ya goge hannu a gaban rigarsa, wasan ya bar fuskarsa.

"Abin da aka ce in yi. Maigida ya ce a yi masa irin na ƙannensa."

"Yaya bai mutu ba."

"Ni dai ba a ɗauko ni don in san wanda ya mutu ba. Maigida ya ce in rage masa tumbi, na rage. Ya ce in miƙe masa hanci, na miƙe."

Shekara takwas ke nan da tafiyar Ambrose. Shi ne magajin gidan, an tura shi Landan koyon shari'a, sai labari ya zo cewa ya haye teku ya shiga makarantar 'yan Katolika, daga baya kuma aka naɗa shi firist, wato limamin cocinsu. Dokar Sarki a fili take. Ɗan ƙasa da ya zama firist na Roma, in ya sake taka ƙasar nan maci amana ne, igiyar rataya ce makomarsa, shi da wanda ya ba shi masauki. Ranar da labarin ya iso Lord Hamon bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ɗauke kujera ɗaya daga teburin cin abinci, ya ba ƙaramin ɗansa Barnaby dokin Ambrose, ya ce kada a ƙara ambaton sunan a gidansa. Amma bai taɓa cewa ya mutu ba. Damaris ta riƙe wannan ɗan abin shekara takwas kamar ajiyar da aka ba ta.

Wasiƙunsa suna zuwar mata sau ɗaya ko biyu a shekara, a ɗinke cikin safar hannu daga wurin wani baduku a York. Ta ƙarshen ta ce ya dawo tun lokacin haihuwar tumaki, yana nan arewa da wani suna, yau a wannan gida gobe a wancan. Ta karanta ta sau uku ta jefa a murhu.

"Ba zai iya zama wani abu dabam ba?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Osbert ya karkata kai ya daɗe yana duban dunƙulen.

"Tafukan ba za su haɗu ba, na riga na raba su. Amma littafi zai fita. Ɗan ƙarami, a rufe. Ai an ce mai karatu ne." Ya taɓa wurin da babban yatsa. "Sai dai ki ji ni da kyau. Ranar da na huda idanu biyu a nan, magana ta ƙare. Abin da na cire ba ni da hanyar mayar da shi."

"To ka bar shi ya zama na ƙarshe."

"Akwai gashin mahaifiyarki, akwai karen da ke ƙafar Maigida, ga baƙin dutsen da za a yi rubutu a kai bai ma iso ba. Mako uku zan iya jan ƙafa. Bayan nan, ranki ya daɗe, ni tsoho ne, ba na son tsawa."

Kwana biyar ta yi tana juya maganar kafin ta iya furta ta. Damaris ba mai magana ba ce. Shekararta talatin da ɗaya, ƙanwarta ta yi aure ta tafi kudu, Barnaby yana Landan yana bin manyan mutane don a san da shi, ita aka bari da makullan gida da ƙafar mahaifinta. Ƙafar ta kumbura har ba ta shiga takalmi. Likita kuma ya ja ta gefe ya ce ba ƙafar ce abin tsoro ba, ƙirjin ne, da wuya tsohon ya kai Kirsimeti.

Suna cin abincin rana su biyu a teburin da ke ɗaukar mutum ashirin, ruwan sama yana bin tagogi. Ta jira sai da mai zuba miya ta fita.

"Baba, na ga aikin coci."

"Kin ga hancina?"

"Na ga hannun Yaya."

Cokalinsa ya tsaya a hanya.

"Damaris, 'ya'yana nawa ne a raye?"

"Huɗu, ranka ya daɗe."

"Uku. Ke da ke ƙirga cokulan gidan nan kowace Asabar, wannan bai kamata ya gagare ki ba."

"Ba a goge dutse, Baba. Bayan ni da kai mutane za su zo su gani su ɗauka gaskiya ne."

"Ai don haka ake yi da dutse. Kakana ya riƙe ƙasar nan. Ubana ya riƙe ta lokacin da ake ƙona mutane a kasuwa kan yadda za a yi addu'a. Ni ma na riƙe ta, ban taɓa ba kowa dalilin ya zo ya buɗe min akwatuna ba. Shi ya samo wa kansa wani uban a Roma. To wancan uban ya jera shi a jikin nasa kabarin."

"Da Inna tana raye..."

"Uwarki tana can kwance a gefena. Kullum sai na je, ba ta ce uffan ba."

Ya koma ga abincinsa. Damaris ta sunkuyar da kai, amma idonta yana kan hannunsa. Ya yanke ɓawon burodinsa ya tura shi gefen hagu na faranti, ta inda kujerar nan take a da. Tun Ambrose yana ƙarami shi ke cinye ɓawon burodin ubansa, har Inna tana ce masa ɓeran gida. Shekara takwas hannun tsohon yana wannan aikin shi kaɗai, kowace rana. Sai an gama ci ya ga ɓawon, ya ɗaure fuska ya jefa wa kare.

Ɓawon nan ne ya sa ta ɗauki alƙalami da yammacin ranar. Ta rubuta: "Baba ba zai kai Kirsimeti ba. Nan da mako biyu za a sa maka ƙoƙon kai a hannu a jikin kabarinsa. Ka zo ya ga fuskarka. In ya gan ka ba zai iya ba." Ta ɗinke takardar cikin safar hannu, ta aika York da saƙon cewa safar ta yi mata kaɗan. Sai da mai kai saƙon ya ɓace a bayan tudu sannan ta tuna da igiya.

Washegari ta rubuta wata, kalma uku kawai, kada ka zo. Ta yi kwana biyu da ita a aljihu. A rana ta uku ta ga hannun mahaifinta ya sake tura ɓawon gefen hagu, sai ta je ta ƙona ta.

Osbert ya ja ƙafa iya jansa. Ya yi wa Lady Ursula gashi sili-sili, ya shafe kwana huɗu a kan jelar kare. Duk sanda Damaris ta kawo kwando sai ta fara duban dunƙulen, ta tarar yana nan yadda yake.

Ranar Laraba ta mako na uku baƙin dutsen ya iso a amalanke. Tana cikin cocin lokacin da mutum biyu suka shigo da shi suna nishi. Na gaban gajere ne mai surutu. Na bayan dogo ne ramamme, gemu ya cinye masa fuska, rigarsa ta ulu duk faci. Da ya zo bakin ƙofa, da nauyin dutsen a hannunsa, sai ya goge ƙafa sau biyu a dokin ƙofar. Inna ce ta koya musu haka su duka. Nan take Damaris ta gane Ambrose ne.

Ya dube ta sau ɗaya, ya ɗan ɗaga gira kamar yadda yakan yi da suna yara in ya sato tuffa, sannan ya sunkuya suka jingine dutsen da bango. Da ya miƙe ya ga kabarin. Ta ga idanunsa sun tsaya a kan fuskar uwarsu, wadda bai ga jana'izarta ba, sannan suka sauko suna bin jerin ɗaya bayan ɗaya har suka kai kansa.

Ba ta kai ga matsawa kusa da shi ba ta ji sandar mahaifinta a kan duwatsun hanya, da wata murya da ba ta sa rai da ita ba. Sir Marmaduke ne, alƙalin yankin, maƙwabcinsu kuma abokin farautar mahaifinta tun suna samari. Bara shi ya kai firist biyu ga igiya, ya dawo ya ba da labarin a teburinsu yana cin naman agwagwa. Ya ratso ne a hanyarsa ta zuwa Ripon, barorinsa uku suna waje riƙe da dawakai.

"Ina mamacin?" Da ƙarfi ya shigo, muryarsa ta cika cocin. "Na zo ta'aziyya tun da wuri, kada ranar ta zo ina fama da mura. Kai! Hamon, wane kyakkyawan saurayi ne wannan aka kwantar kusa da matarka? Ina hancin? Ina tumbin?"

"Kai ko dutsen ƙasar nan duka aka tara ba zai ishi naka tumbin ba," in ji Lord Hamon yana haki.

"Ni a ƙasa za a sa ni kamar Kirista, ba a kan kanta kamar cuku ba. 'Yata Damaris, har yanzu kunyata kike ji? Zo ki nuna min inda kike. A'a, wannan mai kumatun? Tsoho, ka taɓa ganin yarinyar nan kuwa?"

"Da dutsen da aka ba ni na yi aiki, ranka ya daɗe," in ji Osbert.

Sir Marmaduke ya duƙa yana bin jerin da yatsa, yana kiran sunayen waɗanda ya tuna. Ya zo kan na farko a maza ya tsaya.

"Wannan fa? Ƙwai yake riƙe ko tuffa?" Ya miƙe a hankali. Dariyar ta ragu a fuskarsa, ko da yake ba ta tafi duka ba. "Babban naka ne, ko? Wanda ya haye teku. Ka san abin da zai kai ni Ripon? An ce wani dogo yana bin gidaje a can yana yi wa tsofaffi addu'a da harshen Latin. Wata mata 'yar garin nan ta rantse ta san tafiyarsa tun yana yaro. Na ce mata ƙarya take yi. Amma ga shi masassaƙinka ma bai san ko mai rai ne ko matacce ba."

A lokacin ne Lord Hamon ya ga mai amalanken. Ambrose ya riga ya cire hula kamar yadda talaka ke yi a gaban manya, ya yi taku ɗaya gaba ya tsaya. Tsakaninsu bai fi taku shida ba. Damaris ta ga mahaifinta ya kafa masa ido. Leɓensa ya motsa kamar zai kira suna. Abin da ta rubuta ke nan, in ya gan ka ba zai iya ba, ga shi kuwa ya gan shi.

Tsohon ya kau da kai.

"Zazzaɓi ya kashe shi a can," in ji shi. "Shekara biyu ke nan. Ban yi shela ba don ba abin alfahari ba ne."

"Haba! Ni ban ji ba." Sir Marmaduke ya juyo. "Haka ne, 'yata?"

Ta ji dawakai suna buga ƙafa a waje. Wanda ya mutu ba a zuwa nemansa Ripon, ba a tsayar da amalanke a duba fuskarsa. Ta gane wannan nan take, kamar yadda mahaifinta ya gane. Ta kafa ido a kan kwandonta.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ni na karanta masa wasiƙar."

Ba ta taɓa jin muryarta ta fita sarai irin haka ba.

"Osbert!" Sandar ta bugi ƙasa. "Mako uku kana lallashin jelar kare, ka bar min ɗa tsakanin duniya da lahira. Gama shi."

"Yanzu, ranka ya daɗe? Ai hasken bai..."

"Yanzu. Ina tsaye."

Osbert ya dubi Damaris. Ba ta ɗago ba. Ya zaɓi ƙaramin ƙarfe da 'yar guduma, ya durƙusa da ƙyar.

Farin dutsen mai laushi ne, ba ya gardama. Bugun ma ba shi da ƙarfi, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi. Ya zagaye saman, ya fitar da goshi, ɓarɓashi yana zuba a kan gwiwoyin mutum-mutumin. Gajeren mai amalanken ya yi tari sau ɗaya. Can Osbert ya karkatar da ƙarfen ya huda rami ɗaya, ya hure garin, ya huda na biyu.

Sir Marmaduke ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji.

"Kada ka ji haushina, Hamon, amma gara haka. Zazzaɓi ya fi abin da ni zan ba shi sauƙi, kuma da dole in tsaya in gani, ni da na fara ɗora shi a kan doki." Ya fyace hanci. "Matar can kuwa zan sa a ja mata kunne. Mu je gida ka ba ni abin da zan jiƙa maƙogwaro, sanyin wurin nan ya shiga ƙashina."

Lord Hamon bai motsa ba. Fuskar matarsa ta dutse yake kallo.

"Damaris," in ji shi, "a ba masu amalanken nan burodi. Sun sha hanya."

Ba ta sani ba, kuma ta san ba za ta taɓa tambaya ba, ko abin da tsohon zai faɗa ke nan da a ce babu alƙali a cocin. Abin da ta sani shi ne ita ta kira yayanta ya zo ya tsaya ya kalla. Kuma daga yau, ko mahaifinsu yana kan gadon mutuwa yana kiransa, babu ƙofar da Ambrose zai shiga a Ellerbeck ba tare da ya ƙaryata ubansa da ƙanwarsa a gaban shari'a ba.

Ta ɗauki kwandon ta kai bakin ƙofa. Gajeren ya karɓi rabonsa hannu biyu yana godiya, ya ce har cukun ma in babu mai so. Ta karya ɓawon ƙarshen burodin ta riƙe a hannu, ta jira.

Ambrose ya ɗan ƙara tsayawa. Ya dubi bayan mahaifinsa, wanda har yanzu bai juyo ba, ya dubi ɗan ƙoƙon kan da Osbert ke gogewa da tsumma. Sannan ya mayar da hularsa. Ya wuce ta kusa da Damaris har hannun rigarsa ya gogi kwandon, bai dube ta ba, bai miƙa hannu ba, barorin alƙali suna kallon ƙofar. Ya bi ta tsakanin kaburbura, ya wuce dawakan, ya wuce amalanken da ya zo da ita, ya fita ta ƙaramar ƙofar shinge ya ja ta a hankali ta rufe a bayansa.